Kalmar "Paganism" a Turancin Ingilishi: Asalinta da Yadda Ake Amfani da Ita

Kalmar "paganism" tana cikin kalmomin Turanci masu wuyar fassara, domin ba ma'ana ɗaya gare ta ba. Ɗalibi kan ci karo da ita a littafin tarihi. Mai sauraron wa'azi kan ji ta a bakin mai wa'azi. Ɗan jarida kan tsince ta a rahoton ƙidayar jama'a. A kowane wuri, abin da take nufi daban ne. Masu sauraro, shirin yau zai bi wannan kalma daki-daki, cikin kashi shida: ma'anoninta, asalinta a daular Rum, shigarta Turanci, yaɗuwarta a duniya, sabon amfaninta na wannan zamani, sai kuma yadda ake mayar da ita Hausa.

Kashi na farko, ma'anonin kalmar.

Kalmomi biyu ne suke tafiya tare. Akwai "pagan", wato mutumin. Akwai "paganism", wato addinin ko aƙidar. Ɗafa-ƙeyar nan "ism" tana aiki irin na "anci" a Hausa: Kirista da Kiristanci, Bamaguje da Maguzanci. Haka "pagan" da "paganism" suke. Ana kuma amfani da "pagan" a matsayin sifa, a jingina ta ga biki, ko haikali, ko sarki.

Ma'anoni huɗu ne suka fi fitowa a Turancin yau. Ta farko ita ce ta masana tarihi: addinan mutanen dā masu alloli da yawa, irin na Girkawa da Rumawa da tsofaffin Misirawa da mutanen arewacin Turai, kafin zuwan Kiristanci. Ta biyu ta fi faɗi: duk addinin da ba Kiristanci ba, ba Yahudanci ba, ba Musulunci ba. Wannan ma'ana ta tsufa, kuma da yawa suna ɗaukar ta cin fuska. Ta uku ba ta shafi wani addini takamaimai ba. Ana jifan mutum da ita idan ana ganin bai damu da ibada ba, ya sa jin daɗin duniya a gaba. Ta huɗu sabuwa ce: sunan wasu ƙungiyoyin addini na zamanin nan, a Turai da Amurka, waɗanda suka zaɓi sunan da kansu.

A sake jero su, masu sauraro. Addinan mutanen dā, ɗaya. Duk abin da ke wajen addinan nan uku, biyu. Rashin damuwa da ibada, uku. Sabbin ƙungiyoyin zamani, huɗu. Uku na farko suna ne da wani ya laƙaba wa wani. Na huɗu kaɗai ne mai sunan ya amsa da bakinsa.

Kashi na biyu, asalin kalmar.

Tushenta harshen Latin ne, harshen Rumawa. A Latin akwai kalmar "pagus", wato gundumar karkara. Mutumin da ke zaune a can shi ne "paganus", ɗan ƙauye ke nan. Sojojin Rum kuma sun ba kalmar wata ma'ana. A bakinsu, "paganus" shi ne farar hula, wanda bai shiga aikin soja ba. Marubutan Rum irin su Tacitus da Juvenal sun yi amfani da ita a wannan ma'ana. Ku lura, a wancan lokaci kalmar ba ruwanta da addini.

Rumawan dā ba su da suna guda da ya tattara bautarsu. Kowane birni da allolinsa, kowane gida da nasa. Akwai Jupiter, akwai Mars, akwai Venus, akwai sauran da yawa. Ana yanka a haikali, ana bukukuwa bisa kalanda, ana kiran wannan duka al'adar kaka da kakanni. Sai da Kiristanci ya yi ƙarfi aka buƙaci suna guda ga duk wanda bai shiga ba.

Canjin ya zo ne a ƙarni na 4 Miladiyya. A shekarar 313, sarki Constantine da takwaransa Licinius suka amince da 'yancin addini ga Kiristoci, a yarjejeniyar da aka fi sani da sunan birnin Milan. A 380, sarki Theodosius ya tabbatar da Kiristanci a matsayin addinin daula. A 391 da 392, aka fitar da dokokin hana yanka ga tsofaffin alloli. Cikin wannan ƙarni ne Kiristoci masu magana da Latin suka saba kiran masu tsohuwar bauta "pagani", jam'in "paganus".

Me ya sa aka zaɓi wannan kalma? Masana sun kawo bayani uku. Na farko ya ce Kiristanci ya fara kafuwa a birane, ƙauyuka suka daɗe a kan tsohuwar al'ada, don haka ɗan ƙauye ya zama sunan mai tsohuwar bauta. Na biyu ya koma ga bakin sojoji. Kiristocin farko suna kiran kansu sojojin Almasihu, don haka wanda bai shiga ba ya zama farar hula. Na uku ya ce kalmar tana nufin bare kawai, wanda ba ya cikin jama'ar da ake magana a kai.

Bayani na farko ya fi shahara, amma yana da rauni. A ƙarshen ƙarni na 4, manyan masu riƙe da tsohuwar bauta ba 'yan ƙauye ba ne kaɗai. Akwai attajirai da 'yan majalisar dattawa a tsakiyar birnin Rum. A shekarar 384, wani babban ɗan majalisa mai suna Symmachus ya rubuta wa sarki koke. Yana roƙon a mayar da bagaden allahiyar nasara cikin zauren majalisa, inda aka ɗauke shi. Ambrose, bishop na Milan, ya tsaya kai da fata a kan kada a mayar. Sarki ya ƙi amsa koken. Wannan mutum ɗan birni ne, mai ilimi, mai dukiya, amma shi ma sunan ya hau kansa.

Abin da ya ƙara kafa kalmar shi ne faɗuwar birnin Rum a hannun mayaƙan Goth, ƙarƙashin Alaric, a shekarar 410. Masu tsohuwar bauta suka ce an yi watsi da alloli ne, shi ya sa masifa ta sauka. Augustine, bishop na Hippo, garin da yau ake kira Annaba a ƙasar Aljeriya, ya mayar musu da martani da babban littafinsa, Birnin Allah. Ya fara shi a 413, ya kammala a 426. Cikakken sunan littafin a Latin yana ɗauke da wannan kalma, domin raddi ne ga "pagani". Almajirinsa Orosius ma ya rubuta littafin tarihi mai irin wannan suna. A gabashin daular kuwa, inda ake Girkanci, wata kalma aka fi amfani da ita: "Hellenes", wato Girkawa.

Abin riƙewa a wannan kashi shi ne wannan. Sunan daga waje ya zo. Ba masu bautar ne suka raɗa wa kansu shi ba.

Kashi na uku, yadda kalmar ta shiga Turanci.

Turawan Ingila na farko suna da tasu kalmar kafin wannan. Ita ce "heathen". Ta fito daga harsunan Jamusawa na dā, kuma masana da yawa suna danganta ta da "heath", wato fili saura da ba a nomawa. Kiristanci ya samu gindin zama a kudancin Ingila bayan zuwan wani Augustine daban, wanda Fafaroma Gregory ya aiko a shekarar 597. Daga nan "heathen" ta zama sunan wanda bai karɓi sabon addini ba. Da mayaƙan Viking suka afka wa gidan ibadar Lindisfarne a 793, da wannan suna marubutan Ingila suka kira su. Haka ma babbar rundunar da ta sauka ƙasar a 865.

Bayan Normandawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, kalmomin Faransanci suka kwararo cikin Turanci. Cikinsu akwai "paynim", jikar kalmar Latin ɗin nan. A zamanin yaƙe-yaƙen 'yan Salibiyya, waɗanda suka fara a 1096, an fi jifan Musulmi da ita. Wata shahararriyar waƙar jarumta ta Faransa, Waƙar Roland, ta zana Musulmi a matsayin masu bautar gumaka. Wannan zane ƙarya ne, kuma ya nuna ƙarancin sanin Musulunci a Turai ta wancan lokaci. Amma ya nuna wani abu game da kalmar. Ba ta bayyana abin da mutum yake bauta wa. Tana nuna cewa ba ya cikinmu, in ji mai magana.

Siffar "pagan" da aka sani yau ta bayyana a rubutun Turanci wajen ƙarshen ƙarni na 14. "Paganism" ta biyo baya a ƙarni na 15. "Paynim" ta mutu, sai a tsofaffin littattafai. Kalmar tana da 'yar uwa da ba kowa ya san dangantakarsu ba: "peasant", wato talaka manomi. Ita ma daga "pagus" ta fito, ta bi ta Faransanci.

Tsohuwar bautar ta bar sawu a harshen kansa. Ɗan makarantar firamare da ke rera sunayen ranaku da Turanci yana ambaton tsofaffin alloli bai sani ba. "Tuesday" ranar Tiw ce. "Wednesday" ranar Woden. "Thursday" ranar Thunor, wanda mutanen arewacin Turai ke kira Thor. "Friday" ranar Frig. "Saturday" ranar Saturn na Rumawa. A watanni ma, "January" daga Janus ne, "March" daga Mars. Idan Bature ya ce waɗannan sunaye suna da asalin "pagan", ma'ana ta farko yake nufi, ta tarihi. Ba zagi ba ne.

Ƙasashen Turai ba su bar tsohuwar bauta lokaci guda ba. Tsibirin Iceland ya karɓi Kiristanci wajen shekarar 1000. Lithuania ce ta ƙarshe cikin daulolin nahiyar, a 1387.

Kashi na huɗu, masu sauraro, yaɗuwar kalmar a duniya.

A ƙarni na 15 da na 16, jiragen ruwan Turawa suka isa Indiya da Sin da nahiyar Amurka da gaɓar Afirka. Suka tarar da addinai iri-iri da ba su da suna a littattafansu. Marubutan Ingila na ƙarni na 17 suka saba raba addinan duniya gida huɗu: Kiristanci, Yahudanci, Musulunci, sai "paganism". Ku lura, a wannan rabo an fitar da Musulmi daga cikin sunan. Amma gida na huɗu ya zama tamkar kwandon da ake zuba duk abin da aka rasa inda za a ajiye. Mabiya Hindu suna ciki. Mabiya Buddha suna ciki. Mutanen Sin da Japan suna ciki. 'Yan asalin Amurka da mutanen Afirka suna ciki. Addinai masu littattafai da falsafa ta dubban shekaru, da addinan da ake gada baki da baki, duk aka haɗa su a suna guda.

Kiristoci sun yi amfani da kalmar a kan juna ma. Bayan rabuwar coci a ƙarni na 16, wasu 'yan Furotesta suka zargi Katolika da cusa al'adun "pagan" cikin ibada, saboda siffofin tsarkaka da turare da bukukuwa. Masu tsananin ra'ayi da ake kira Puritan suka ɗora wannan zargi har a kan bikin Kirsimeti. Majalisar dokokin Ingila ta soke bikin a 1647. A yankin Massachusetts na Amurka, an kafa doka a 1659 mai cin tarar sule biyar ga wanda ya yi shagalin ranar. A nan kalmar makamin muhawara ce a cikin gida.

Kalmar ta iso Arewacin Nijeriya tare da mulkin mallaka. Bayan cin Kano da Sakkwato a 1903, jami'an Birtaniya suka riƙa raba ƙasar gida biyu a rahotanninsu. Akwai masarautun Musulmi, akwai yankunan da suka kira na "pagan". Mutanen tsaunukan Filato, da kudancin lardin Zariya, da kwarin Binuwai, duk an sa su ƙarƙashin wannan suna, duk da bambancin harsunansu da al'adunsu. Rabon ya yi tasiri a aikace. An taƙaita aikin mishan a masarautu, aka sakar masa mara a sauran yankunan. Tsarin kotuna da na sarauta ma ya bi wannan layi. Maguzawa, Hausawan da suka ci gaba da al'adar gargajiya, su ma an kira su da sunan. Masanin nan ɗan Amurka, Joseph Greenberg, ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Kano, ya buga littafi a kansu a 1946. Ya nuna cewa sun san Allah a matsayin Maɗaukaki, ko da yake hidimarsu ta yau da kullum ga iskoki take.

Daga tsakiyar ƙarni na 20 aka fara ƙin kalmar a fagen ilimi. Geoffrey Parrinder, malami a kwalejin jami'a ta Ibadan, ya buga littafi a 1954 da ya yaɗa sabon suna: addinin gargajiya na Afirka. John Mbiti na Kenya ya biyo da nasa a 1969. Bolaji Idowu na Nijeriya ya fitar da nasa a 1973, inda ya bi tsofaffin sunaye ɗaya bayan ɗaya, har da "paganism" da "heathenism", yana nuna rashin dacewarsu. Hujjarsu ita ce al'ummomin Afirka da yawa sun san Mahalicci guda. Yarabawa suna cewa Olodumare, Ibo suna cewa Chukwu, Akan na Gana suna cewa Nyame. Sunan da ya shafe wannan duka bai yi adalci ba. Shi ya sa a yau jami'o'i da manyan kafafen labarai ba sa kiran addinan Afirka ko na Asiya da wannan kalma. Suna kiran kowanne da sunansa.

A maimaita. Ma'ana ta biyu, mai faɗin nan, ita ce ta zamanin mulkin mallaka. Ana samun ta a tsofaffin takardu. A bakin mai ilimi na yau, ta zama abin kaucewa.

Kashi na biyar, sabon amfanin kalmar.

A ƙarni na 18 da na 19, wasu mawaƙa da masu zane a Turai suka shiga sha'awar Girka da Rum na dā. A bakinsu "pagan" ta samu ɗanɗano mai daɗi: son kyau, son daji da tsaunuka, sakin jiki da rayuwa. Malaman coci kuwa suka ci gaba da amfani da ita don kukan lalacewar zamani. Daga nan ma'ana ta uku ta yi ƙarfi. Idan limamin coci ya ce al'umma ta koma "pagan", ba yana nufin an gina haikalin Jupiter ba. Yana nufin an daina zuwa ibada, an bi son zuciya.

A ƙarni na 20 wasu suka ɗauki sunan a matsayin na addininsu. A 1951 Birtaniya ta soke tsohuwar dokar da ta shafi maita. A 1954 wani tsohon ma'aikacin gwamnatin mulkin mallaka, Gerald Gardner, ya buga littafi yana bayyana wata bauta da daga baya ta shahara da sunan Wicca. Mabiyanta suna girmama allahiya da wani abin bauta namiji, suna bukukuwa bisa juyawar yanayin shekara. Akwai kuma masu kiran kansu Druid, suna jingina kansu ga limaman mutanen Celt na dā. Akwai masu farfaɗo da bautar allolin arewacin Turai irin su Odin da Thor, kuma da yawansu sun zaɓi tsohuwar kalmar nan "Heathen" ta zama sunansu. Duka waɗannan ana tara su a ƙarƙashin "Paganism" na zamani. Wasu kan ƙara ɗafa-goshin "neo", wato sabo.

Hukumomi sun san da zamansu. A Birtaniya an kafa ƙungiyar da yau ake kira Pagan Federation a 1971. Gwamnatin Iceland ta amince da ƙungiyar Asatru a matsayin ƙungiyar addini a 1973. A 2007, ma'aikatar kula da tsofaffin sojojin Amurka ta yarda a sa alamar Wicca, tauraro mai tsini biyar cikin da'ira, a kan kaburburan sojoji mabiyanta. A ƙidayar jama'ar Ingila da Wales ta 2011, kimanin mutum 57,000 ne suka rubuta "Pagan" a gurbin addini. A ta 2021, adadin ya kai kimanin 74,000, ban da wasu kimanin 13,000 da suka rubuta Wicca. Kowace shekara wajen 21 ga Yuni, ranar da yini ya fi tsawo a arewacin duniya, dubban mutane kan kwana a dandalin duwatsun Stonehenge da ke kudancin Ingila, suna jiran fitowar rana. Wasunsu masu ibada ne, wasu 'yan kallo.

Masana tarihi irin su Ronald Hutton na jami'ar Bristol sun nuna cewa waɗannan ƙungiyoyi sababbi ne. Ba tsohuwar bauta ce ta ɓuya ta sake fitowa ba. An gina su ne a zamanin nan, da kayan da aka tsinto daga littattafai da tatsuniyoyi da binciken kufai.

Akwai ƙa'idar rubutu da ta taso daga nan. Mabiyan zamani da marubuta da yawa suna fara kalmar da babban baƙi idan ana nufin su, kamar yadda ake yi wa sunan kowane addini a Turanci. Idan ana nufin mutanen dā, sai a fara da ƙaramin baƙi. Mai karatu ya duba wannan baƙi na farko, domin sau da yawa shi ke raba ma'ana ta farko da ta huɗu.

Kashi na shida, kuma na ƙarshe: maƙwabtan kalmar, da yadda ake mayar da ita Hausa.

Turanci yana da kalmomi da ake rikita su da wannan. "Atheist" shi ne wanda bai yarda akwai abin bauta ba sam. "Pagan" kuwa, a ma'ana ta farko da ta huɗu, yana da abin bauta, sau da yawa fiye da ɗaya. "Polytheism" ita ce aƙidar alloli da yawa, kalma ce ta bayani, ba ta ɗauke da suka. "Idolatry" ita ce bautar gumaka kai tsaye. "Animism" ita ce imani cewa itatuwa da duwatsu da koguna suna da ruhi. Edward Tylor ne ya yaɗa ta a littafinsa na 1871. "Infidel" ita ce ta fi kusa da kafiri. Bautar Shaiɗan kuma abu ne daban. Shaiɗan sananne ne a addinan littafi, kuma mabiya "Paganism" na zamani suna nesanta kansu da wannan zargi.

Masu fassara Alƙur'ani zuwa Turanci ma sun sha bamban a nan. Wajen fassara kalmar mushrikai, Abdullah Yusuf Ali ya yi amfani da "Pagans" a wurare da dama. Marmaduke Pickthall ya fi amfani da "idolaters". Littattafan tarihi na Turanci kuma kan kira Larabawan jahiliyya, masu bautar Hubal da Lata da Uzza da Manata, da sifar "pagan".

A Hausa akwai kalmomi da yawa a wannan fage, kuma kowacce da nauyinta. Akwai arne, jam'i arna. A yammacin ƙasar Hausa da Nijar ana jin azne da azna, ko anne da anna. Ƙamusun zamanin Turawa, irin na Bargery na 1934, sun haɗa arne da "pagan". Sai dai a bakin jama'a yau, arne kalmar zagi ce, kuma wasu kan jefi Kirista da ita. Wannan ya saɓa wa kalmar Turancin gaba ɗaya, tun da Kiristoci ne suka fara laƙaba ta ga wanda ba Kirista ba. Akwai Maguzanci, wanda ya keɓanta ga wata al'umma ta Hausawa. Masana suna danganta sunan da kalmar Larabci Majusu. Akwai shirka da mushriki, waɗanda hukunci ne na aƙidar Musulunci. Akwai tsafi, wanda aiki ne, ba sunan addini ba. Akwai bautar gumaka. Akwai addinin gargajiya, wanda shi ne kafafen labarai suka fi amfani da shi, don ba ya cin mutuncin kowa.

Babu ɗaya cikinsu da ta dace da kowane wuri. Don haka mai fassara yana da tambayoyi uku kafin ya zaɓa. Wa ya faɗi kalmar? Yaushe ya faɗe ta? A kan wa? A sake: wa, yaushe, a kan wa.

Ga yadda tambayoyin suke aiki. Ɗaliba tana karanta littafin tarihi, ta ga an kira sarki Julian na Rum, wanda ya yi mulki daga 361 zuwa 363, sarkin "pagan" na ƙarshe. Masanin tarihi ne ke magana a kan mutanen dā. Fassarar da ta dace ita ce sarki na ƙarshe mai bin tsohon addinin Rumawa. Mai bincike yana duba tsohon rahoton jami'in mulkin mallaka a gidan adana takardu na Kaduna, ya ga an kira wani ƙauye da wannan sifa. Abin nufi shi ne mutanen ƙauyen suna bin addinin gargajiya, kuma ya kyautu ya bayyana cewa kalmar ta jami'in ce. Mai fassara wa'azin coci ya ji an ce rayuwar zamani ta zama "pagan". A nan sai ya ce rayuwar da ta bar tsoron Allah. Ɗan jarida yana fassara sakamakon ƙidayar Ingila, ya ga kalmar da babban baƙi. A nan suna ne na ƙungiya, kuma suna ba a fassara shi. Sai ya bar shi yadda yake, ya ƙara gajeren bayani: mabiya sabbin addinan da ke farfaɗo da bautar Turawan dā. Idan kuwa kalmar ta zo a fassarar Alƙur'ani ta Turanci, sai a koma ga asalin Larabcin, a ce mushrikai.